Nona Balakian, Mai Awo A Kasuwar Littattafai

Yau nisa za mu yi, har birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, mu duba aikin wata mata da ake kira Nona Balakian. Sunanta bai yi tashe da ƙagaggen labari ko waƙa ba. Shekara 40 da ɗoriya ta yi tana sana'a guda: karanta littattafan da waɗansu sunka rubuta, ta auna su, ta gaya ma jama'a wanda ya cika tiya da wanda bai cika ba. Kana iya cewa, wannan kuma wace irin sana'a ce? To, ko a kasuwa ba mai awo ya noma hatsin ba, amma in hannunshi ya karkace, da mai saye da mai sayarwa duk sun cutu. Ina da yabo gare ta, ina kuma da ƙorafi. Sai dai ba ka gane ko ɗaya sai ka san inda ta fito.

An haife ta a Santambul cikin 1918. Iyayenta Armeniyawa ne, wata tsohuwar al'umma ta Kirista da ke zaune tun zamanin da cikin duwatsun gabashin Turkiyya ta yau da maƙwabtanta. Mutane ne masu riƙon rubutu. Wajen shekara ta 405 wani malaminsu, Mesrop Mashtots, ya tsara musu baƙaƙe 36 nasu na kansu, kuma har yau su ne tushen rubutunsu. Cikin 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, gwamnatin daular Turkawa ta tasam ma Armeniyawan da ke ƙarƙashinta. Anka kashe maza, anka kora mata da yara da tsofaffi da ƙafa zuwa hamadar Sham. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda sunka mutu daga 600,000 har zuwa 1,500,000. Mafi yawan masanan suna kiran abin kisan ƙare-dangi. Gwamnatin Turkiyya ba ta yarda da wannan suna ba. Abin lura, da masu alƙalami anka fara. Ran 24 ga Afrilu 1915 anka kame malamai da marubuta da shugabannin Armeniyawa fiye da 200 a Santambul. Cikinsu akwai wani limamin coci ɗan dangin su Nona, Grigoris Balakian. Shi Allah ya yi mashi sauran kwana. Ya tsere, ya rubuta abin da idonshi ya gani da Armeniyanci, kashin farko ya fito cikin 1922.

Mahaifin Nona likita ne. Iyalin sunka bar Santambul, sunka ɗan zauna Turai, sunka isa Amurka cikin 1926, ita ba ta wuce shekara 8 ba. Ka riƙe wannan, don za mu komo gare shi: Ingilishi ba shi ne harshen da ta sha a nono ba. Ta yi karatu a kwalejin mata ta Barnard, ta ƙara da koyon aikin jarida a jami'ar Columbia, ta gama cikin 1943. Shekarar nan ta shiga jaridar New York Times, sashen littattafai. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne, maza da yawa sun tafi fagen daga, ƙofofin da ke rufe ga mata sun ɗan buɗe. Ta shiga, ba ta fito ba sai 1987.

Mene ne aikin? Jaridar tana da wata mujalla da anka fara bugawa cikin 1896, ba komi cikinta sai maganar littattafai. Zamanin Nona kowace Lahadi take fitowa. Kamfanonin ɗab'i suna aiko da littattafansu tun ba su shiga kasuwa ba, tuli-tuli, fiye da abin da shafunan za su ɗauka nesa ba kusa ba. Editoci kaɗan ne ke zaune suna karantawa suna warewa: wanga a yi sharhinshi, wanga a aje shi. Sa'an nan su nemo wanda zai yi sharhin, in ya rubuto su gyara. Mai karatu a gida shina ganin sunan mai littafi da sunan mai sharhi. Ba shi ganin sunan wanda ya haɗa su, alhali kuwa nan ikon shike. In ka ba da littafin sabon marubuci ga wanda ba shi son irin wannan rubutu, ka kashe shi ba ka ce uffan ba. In ka bar shi bisa kanta ƙura ta rufe shi, ba wanda zai san an haife shi. Wannan shi ya sa auna aikin Nona ke da wuya. Mafi yawanshi ba shi ɗauke da sunanta.

Shugabannin mujallar sun yi ta canzawa tana zaune: Robert van Gelder, Francis Brown, John Leonard, Harvey Shapiro da sauransu. Duk maza. Sai 1989, shekara biyu bayan ta aje aiki, mace ta hau kujerar, Rebecca Sinkler. Cikin 1974 waɗansu mata ma'aikatan jaridar sun kai ƙara kotu, suna cewa ana danne su wajen albashi da ƙarin girma. Anka sasanta cikin 1978. Irin gidan da ta yi aiki ke nan.

Abin da ta sa ma hannu da sunanta bai da yawa. Cikin 1962 ta rubuta wata maƙala bisa matan da ke cikin sabbin ƙagaggun labarai, waɗanda ba su bi tsohon sawun tauraruwar labari ba. Cikin 1963 ita da Charles Simmons sunka tara maƙalun masana bisa marubutan Amurka na zamanin. Cikin 1978 ta tattara sharhinta na tsakanin 1953 da 1977 cikin littafi guda. Littafi guda, amfanin gonar shekara 25. Ga mai kaifin ido irin nata, ya yi kaɗan.

Babban abin da ta bari ƙungiya ce. Cikin 1974 ita da John Leonard da Ivan Sandrof sunka kafa National Book Critics Circle, watau ƙungiyar masu sharhin littattafai ta ƙasa baki ɗaya. Nufinsu, waɗanda karatun littafi ne aikinsu kullum su haɗa kai, na Niyu Yok da na ƙananan jaridun jihohi, su ba da kyauta tasu ta kansu kowace shekara. Shekarar nan kuwa ta nuna halin da ake ciki. Alƙalan babbar kyautar Pulitzer sun zaɓi littafin Thomas Pynchon, manyan hukumar sunka ture zaɓin, anka wayi gari ba a ba kowa kyautar ƙagaggen labari ba. Awon sabuwar ƙungiyar bai yi laifi ba. Ta ba Toni Morrison kyautar 1977, shekara 16 kafin ta samu Nobel. Ta ba Chimamanda Adichie ta Najeriya kyautar 2013. Nan ba ni da ta cewa sai madalla.

Yanzu ga inda maganar ta yi zafi. Cikin 1958 Nona ta fitar da wani ɗan ƙaramin littafi bisa marubutan Amurka ƴan asalin Armeniya. Babbar ƙungiyar taimakon Armeniyawa, wadda anka kafa a Alƙahira cikin 1906, ita ta buga shi. Sunan littafin kaɗai ya faɗi matsayinta: ta kira rubutunsu sabon lafazi cikin adabin Amurka. Ka ji kalmar da ta zaɓa. Ba ta ce sabon harshe ba, ba ta ce adabi na dabam ba. Lafazi ta ce, kamar yadda baƙo ke magana da harshen gari, daidai, amma kunne na jin daga wani wuri ya zo. Lokacin akwai su Leon Surmelian, wanda ya rubuta labarin maraicinshi cikin 1945, da Marjorie Housepian da Peter Sourian, waɗanda littattafansu sunka fito cikin 1957. Dukansu da Ingilishi sunka rubuta. Gaba gare su duka akwai William Saroyan, kuma shi ne Nona ta ba sauran ƙarfinta.

Dole in tsaya kan mutumin nan, don ba ka auna mai awo sai ka ga abin da ta auna. An haifi Saroyan a Fresno ta Kalifoniya cikin 1908, ɗan baƙi daga garin Bitlis. Ubanshi ya rasu shina da shekara 3, ya yi shekaru a gidan marayu. Cikin 1934 littafinshi na gajerun labarai ya fito, ya yi suna dare ɗaya. Cikin 1940 anka ba shi Pulitzer saboda wasan kwaikwayo, ya ƙi karɓa, don a ganinshi masu kuɗi ba su da hurumin yanke ma fasaha hukunci. Bayan yaƙi sai iska ta juya. Manyan masu sharhi sunka ce rubutunshi zaƙi ne kawai, ya cika tausayin banza, kowa nagari ne cikin duniyarshi. Caca da bashin haraji sunka bi shi, ya yi zaman shekaru a Faris, ya rasu cikin 1981. An raba tokarshi biyu, rabi a Fresno, rabi a Yerevan, babban birnin Armeniya.

Bari in ba ka labari ɗaya nashi a taƙaice, daga littafinshi na 1940, ka yi hukunci da kanka. Wasu yara biyu, ƴan wani dangi matalauta da sunka yi suna wajen gaskiya, ɗayansu ya ɗauke farin dokin wani manomi. Ba sayarwa zai yi ba, hawa kawai shike so. Sunka ɓoye dokin makonni suna sukuwa da asuba. Ran nan sai ga su ga mai doki a hanya. Ya duba dokin, har ya buɗe bakinshi ya ga haƙora. Ya gane abinshi sarai. Amma sai ya nuna musu cewa tunda ya san gidan da sunka fito, ya fi gaskata sunan gidansu bisa idonshi. Wanga doki kama ce kawai. Ya yi tafiyarshi. Washegari yaran sunka maida doki. Mai sharhin da ya ce wannan zaƙi ne, bai san aikin kunya ba. Cikin labarin nan kuma akwai wani kawu mai faɗa, wanda kome anka kawo mashi, ko gobarar gidanshi ce, sai tsawa: a ƙyale, ba kome ba ne. Mai karatu na dariya. Sai can mai doki ya zo shina kukan dokinshi, kawun ya daka mashi tsawa, ya tuna mashi cewa ƙasa sukutum sunka rasa, doki har wani abin kuka ne? Nan dariya ke tsayawa a wuya. Ashe mutumin da ba shi damuwa da gobara, wanda ya riga ya yi babbar asara ne.

Haka Saroyan ke yi. Cikin wani labarin na 1934, saurayi ya je aski mai araha, ya zaci wanzamin ɗan'uwanshi ne Ba'armeniye, ashe Ba'assuriye ne, wata al'ummar da ta fi tasu ƙarewa. Ta bakin wanzamin ne makokin ke fitowa. Ba shi faɗin ciwon mutanenshi kai tsaye, sai ta gefe, cikin raha. A ganina wannan shi ne lafazin, kuma yarinyar da anka haifa a Santambul shekara 3 bayan kisan tana da kunnen jinshi fiye da masu sharhin da sunka tashi cikin kwanciyar hankali. Gaskiyarta da ta ƙi bin ayari lokacin da kowa ya juya ma mutumin baya.

Amma masu sukar ba ƙarya zalla sunka yi ba, kuma nan ƙorafina na farko shike. Saroyan mai saurin hannu ne ƙwarai. Farkon tashenshi ya yi wata guda shina aika ma wata mujalla labari ɗaya kowace rana. Ba shi son gyara, ba shi son a gyara mashi. Abin da ya fito da kyau ya fito, wanda ya fito da tsakuwa haka nan zai tura shi kasuwa. Dogon labarinshi na 1943, wanda anka yi fim da shi, zumar ta yi yawa har tana hawa kai. Dubi abin mamaki: matar da ta ƙare rayuwarta tana gyaran rubutun mutane, ta ɗauki marubucin da ya fi kowa ƙin gyara ta yi mashi hidima. Ta san shi ido da ido. Ɗan ƙabilarta ne, shi ne kuma tutar da ƴan gudun hijira ke nunawa su ce ga namu. Al'ummar da anka so a shafe, in ta samu gwarzo ɗaya, wanda ya taɓa shi kamar ya taɓa kabarin iyaye ne. To yaya mai awo za ta share bakin tiya in hatsin na ɗan ɗakinsu ne? Ban ce ta yi algus ba. Na ce wanda zai karanta abin da masoyi ya rubuta bisa Saroyan, shi aje littafin ɗanshi Aram na 1982 kusa da shi. Can ɗan ya nuna uba mai zafin rai da wuyar zama, wanda ya watsa ma duniya tausayi bai rage ma gida ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba ita kaɗai ya shafa ba. Kalmar lafazi tana da daɗi, amma lafazi ba shi daɗewa. Uba na da shi, ɗa na da inuwarshi, jika ba shi da ko kaɗan. In adabin al'umma ya koma lafazi cikin harshen wasu, me ya rage ma baƙaƙen nan 36? Grigoris ya rubuta shaidarshi da Armeniyanci. Ƴan danginshi da sunka tashi a Amurka, su da sunka fi kowa iya karatu, sun zuba basirarsu cikin harsunan wasu: Nona cikin Ingilishi, yayarta Anna Balakian kuwa ta zama babbar malama a jami'ar Niyu Yok, masaniyar waƙoƙin Faransa. Cikin 2010 hukumar UNESCO ta sa Armeniyancin yamma, watau na mutanen Santambul da ƴan gudun hijira, cikin harsunan da ke fuskantar ɓacewa. Kai da ka ga yaro ya tafi lakkwal ya komo shina rubuta Faransanci tsaf amma wasiƙar Hausa na gagararshi, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Sai dai in yi mata adalci. Me za ta yi cikin 1958? Waɗanda za su karanta Armeniyanci a Amurka suna tsufa, ƴaƴansu lakkwal ta Ingilishi sunka yi. Marubucin da ya nace ma harshen iyaye, ƴan ɗari kaɗan za su ji shi. Wanda ya rubuta da Ingilishi, duniya za ta ji cewa akwai wasu mutane da ake kira Armeniyawa, kuma ba su ƙare ba. Nona ta ga ƙofar da ke buɗe, ta tura mutanenta ciki, ta ce ma masu gida waɗannan ba baƙin kwana ɗaya ba ne, ku ba su tabarma. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da nike cewa kawai, an biya kuɗin shiga, kuma da harshe anka biya.

An biya da shiru kuma. Ɗan ƙanenta, mawaƙi Peter Balakian, ya fitar da labarin ƙuruciyarshi cikin 1997. Ya tashi a jihar New Jersey cikin dangi masu ilimi, ana cin abincin Armeniyawa, ana maganar littattafai, ga gwaggonni biyu da duniyar adabi ta san su. Amma ba wanda ya zaunar da shi ya gaya mashi abin da ya faru cikin 1915. Sai da ya girma ya tsinci labarin cikin littafin Henry Morgenthau, jakadan Amurka a Santambul lokacin kisan. Gidan masu karatu, amma littafin da ya fi kusa da su shi ne ba a buɗe ba. Ba na ganin laifinsu. Wanda ya tsira daga wuta ba shi son a riƙa tuna mashi hayaƙi. Amma hakan ya ƙara nuna mini dalilin da ya sa Saroyan ya shiga ran Nona. Shi ne ya iya faɗin abin ba tare da ya faɗe shi ba. Zamanin da ya biyo baya bai gamsu da wannan ba. Peter ɗin nan, tare da Aris Sevag, shi ya fassara shaidar Grigoris zuwa Ingilishi, ta fito cikin 2009, shekara 87 bayan bugun farko. Cikin 2016 ya samu Pulitzer ta waƙa, shi kuwa bai ƙi karɓa ba.

Littafin Nona bisa Saroyan, wanda ya kamata shi zama babban aikinta, ta daɗe tana fama da shi. Littattafan mutane sun cinye mata rana, nata sai abin da ya rage. Ta aje aiki cikin 1987, ta rasu a Niyu Yok cikin 1991 tana da shekara 72, ba ta ga bugunshi ba. Ƙungiyar da ta kafa ta sa sunanta ga wata lambar yabo da take bayarwa kowace shekara, ba ga mai littafi ba, ga wanda ya fi iya sharhin littafi. Carlos Lozada ya karɓe ta a 2015, kafin Pulitzer ta biyo baya cikin 2019. Littafin kuwa, wanda ma'anar sunanshi ita ce duniyar William Saroyan, wata ƙaramar maɗaba'ar jami'a ce ta buga shi cikin 1998, shekara 7 bayan rasuwarta, shekara guda bayan rasuwar yayarta Anna.